Safa a Zabirar Wanzami

Wani dare cikin damina, gab da kiran assalatu, Maiwada Wanzami na Saulawa ya ji wata ƙara da bai taɓa jin irinta a gidansa ba. Nishi ne da farko, dogo, irin na mai jan guga daga rijiya mai zurfi. Sai shiru. Sai kuma wani abu ya ce fat!

Ya yi kwance yana tuna abubuwan da ke cewa fat a duniya. Mangwaro in ya faɗo kan kwano. Kwaɗo in mota ta taka shi. Ƙaho in an ɓalle shi daga bayan mutum mai ƙiba. Mangwaro ya riga ya ƙare, mota ba ta shiga lungunsu, ƙahonninsa kuwa guda bakwai suna cikin zabira a rataye bisa kansa. Ya miƙa hannu ya laluba, duk suna nan. Nishin ya sake tashi, daga ɗakin matarsa Mukarrama.

Ya ɗauki tocila ya je. Ya same ta zaune bakin gado, ƙafa ɗaya bisa kujera 'yar tsugunno, gumi ya jiƙa mata goshi, hannu biyu riƙe da wani abu ruwan ƙasa da ya maƙale mata a diddige.

"Lafiya, Maman Samira?"

"Safa nake sawa."

"Safa."

"Safa."

Ya haska abin, ya haska fuskarta. "Na ɗauka haihuwa ake yi."

"Ai haihuwa ana taya mutum," in ji ta. "Kawar da fitilar daga idona."

Mukarrama nas ce. Shekara ashirin da biyu tana aiki a wani asibiti a Ikara, mafi yawansu a ɗakin haihuwa, inda akwai kujera ɗaya amma ba a taɓa ganin wanda ya samu sukunin zama a kanta ba. Tana fita da safe da ƙafafun mutum, ta dawo da yamma da wasu abubuwa kamar taɓare biyu. Takalmin da ya shige ta da safe, da la'asar sai ta taka bayansa. Jijiyoyi sun fito mata a bayan gwiwa, a karkace, Maiwada yakan ce sun yi kama da hanyar Kudan in an bi ta cikin gonaki. Da dare kuma sharaɓarta takan ɗaure, ta tashi tana dafa bango tana salati.

A farkon aurensu ya kafa mata ƙaho sau uku. Ta haƙura sau uku ɗin don zaman aure, a na huɗu ta ce masa ya bar mata jininta, tana da aikin yi da shi. Tun daga nan ba su ƙara tayar da maganar ba. Shi yana warkar da ƙafafun gari, na gidansa suna kumbura.

"Ina kika samo wannan?" ya tambaya.

"Sista Hephzibah da muke aiki tare. Ta auna ni da tef ɗin tela, idon sawu da sharaɓa, ta yi saƙo aka kawo daga Zariya. Su duk sun daɗe suna sawa, ni ce uwar taurin kai."

"To an kawo miki ta yara."

"Haka take. Matsewar ita ce maganin." Ta saki safar ta huta. "Jini saukowa ƙafa ba ya yi masa wuya, hawowa ne aiki. In mutum ya wuni a tsaye sai ya taru a ƙasa kamar ruwa a fadama. Ita wannan ta matse sosai a idon sawu, tana hawowa tana sassautawa, sai ta riƙa turo shi sama."

"Mu fitar da shi muke yi."

"Ku zubarwa kuke. Ita gida take mayar da shi."

Ya tsuguna ya karɓi safar, ya juya ta, ya leƙa cikinta. Bakinta na ƙasa a buɗe yake, yatsu a waje, don in lokacin alwala ya yi a naɗe ta a wanke ƙafa. Dole kuma a sa ta tun ƙafa ba ta kumbura ba, shi ya sa ake wannan kokawa kafin gari ya waye. Shi mutum ne da hannunsa ya saba da kan jariri ɗan kwana bakwai, saboda haka bai ja da ƙarfi ba. Ya juya cikinta waje har zuwa diddige, ya zura mata, ya riƙa hawar da ita kaɗan-kaɗan kamar mai saɓule fatar akuya amma ta baya. Da ya kai ƙarƙashin gwiwa ya saki bakin. Fat!

"A hankali mana, Baban Samira!"

"Ita ta yi, ba ni ba."

Daga ranar ya zama aikinsa. Kullum kafin assalatu sai ya je ya sa mata, dama sannan hagu. Yana iya sakin bakin a hankali ba tare da ƙara ba, ya gane haka tun rana ta biyu. Amma ƙarar tana yi masa daɗi.

Kafin sati uku abu ya canza. Mukarrama ta fara dawowa da takalminta a ƙafa yadda ta fita da shi. Ta daina tashi cikin dare. A da takan sa ɗan acaɓa ya kai ta har ƙofar gida, yanzu sai ta sauka a bakin titi ta tako. Ranar sunan jikar maƙwabta ta dawo daga aiki ta tsaya kan tukunyar tuwo har aka kwashe, tana ba da labarin wata mata da ta haifi tagwaye a bayan a-kori-kura cike da tumatir. Mata suka riƙa kallon ƙasan zanenta. Safar kalar fatarta ce, ba wadda ta lura da ita.

Katangar ɗakin Mukarrama ita ce katangar ɗakin Bobbo. Bobbo tsohon dillalin rake ne, barci ya rabu da shi tun shekarar da haƙoransa suka fara tafiya, kuma duk abin da kunnensa ya ɗauka cikin dare sai ya kai shi kasuwa da safe. Ranar Juma'a ya zo aski, ya zauna kan buzu a zaure, ya bari sai da aka jiƙa masa kai.

"Wanzam, na ji fa."

"Me ka ji?"

"Nishi, sannan fat. Nishi, sannan fat. Kullum biyu, kafin ladan. Shekara sittin ina jin ƙarar ƙaho, ba za ka ɓoye mini ba. Ashe sirrin a asuba yake."

Maiwada ya buɗe baki. Aska tana daidai bayan kunnen Bobbo, wurin da ake bukatar natsuwa, sai ya bari ya gama wurin tukuna. Kafin ya gama, maganar da ya yi niyya ta koma ciki.

"Allah ne mai warkarwa," ya ce.

Wannan gaskiya ce, ba malamin da zai ja da ita.

Labari ya hau motar rake ya tafi kasuwar Makarfi. Da ya dawo ya yi ƙiba. An ce ƙahon farin sa ne da bai taɓa ganin garma ba. Daga wajen Malikanchi aka ce ba a kafa shi sai tauraron asuba ya fito. Mutanen Kudan suka ƙara da cewa wanzamin ba ya magana da kowa sai ya gama. Maiwada bai san da wannan sharaɗi ba, amma da ya ji sai ya ga yana da kyau, ya ɗauka.

Aka fara sallama a ƙofar gidansa bayan sallar asuba. Masu tuyar ƙosai, matan da ke wuni kan kaskon mazarƙwaila, wata malamar firamare, wani mai gadin gidan mai. Duk mutanen tsayuwa ne. Maiwada yakan yi musu tsaga biyu marasa zurfi, ya kafa ƙaho, ya zuƙa, ya toshe bakin da jijiya. In ya ɓalle, sai ya ce su kwanta su jingina ƙafafu a bango, sama da ƙirji, har rana ta taɓa hular rumbu. Wannan a wurin matarsa ya gani. Sukan tashi da ƙafa sakayau, su yi godiya, kumburin ya jira su zuwa azahar.

Mukarrama ba ta ɓoye komai ba. Duk matar da ta tambaye ta sai ta ɗage ƙafar wandon yunifom ta nuna.

"Safa ce. Kin gan ta. A asibiti duk muna sawa."

"Allah sarki," in ji matan. "Ta rufe tsagar kada iska ta shiga."

"Ba tsaga. Safar ce maganin."

Sai su kalli juna su yi murmushi. Mace ta gari ke nan, ba ta fallasa sirrin sana'ar mijinta. Wata tsohuwa har ta sa mata albarka, ta ce 'yan matan yanzu su zo su koya.

Abin da ya sa Maiwada ya kasa gyara zancen ba wai daɗin yabo kaɗai ba ne. Sarkin Askan garin ya rasu bara, dagaci bai naɗa wani ba. Mutum biyu ake ambato, shi da Yahya, wanda ke da rumfa a bakin titi yana aski da inji mai caji. Mahaifin Maiwada ya nemi wannan sarauta sau biyu bai samu ba, ya mutu yana cewa gidansu aska kawai aka ba su, ba a ba su rawani ba. Maiwada ya girma da wannan magana a kunne. Tun da aka fara zancen ƙahon asuba, dattawa suka fara amsa gaisuwarsa da tsawo. Wata rana da ba kowa a gida ya ɗauki farin mayafin Mukarrama ya naɗa a kai, ya duba a madubin aski. Madubin ƙarami ne, rabin rawanin kawai ya gani, amma rabin ya yi masa kyau.

"Baban Samira, sai yaushe?" Mukarrama ta tambaye shi wata asuba, yana tsugune da ƙafarta a hannu.

"Ni ban ce komai ba."

"Ai shi ne."

"Ki bari a yi naɗin. In an yi, ni da kaina zan tara su."

"Kai da kanka." Ta dube shi. "Waɗannan da ke zuwa, tsayuwa ce ke damunsu, ba ka ƙara musu ba ka rage musu. Amma wata rana za a kawo maka ƙafar da ba ta tsayuwa ba ce. Ka ga ta kumbura har cinya, tana sheƙi, ka danna da yatsa ramin ya ƙi tashi, mai ita yana haki, ba ya iya kwanciya sai a jingine. Wannan ba ƙafa ba ce ke ciwo, daga sama abin yake. Ka tsaga ta, ruwa za ta yi ta zubarwa, ciwon ya ƙi rufewa. Ko safata ba a sa mata sai likita ya gani."

"Ki koya wa wanzami duba ƙafa?"

"Wanzami ba ya son jarfa, na sani. Sa mini ta hagun, zan makara."

Ya sa mata. Ya saki bakin da ƙarfi fiye da kullum.

Bayan kwana tara dagaci ya aiko. Yayarsa, Goggo Halimatusa'adiya, da ke aure a Taba, an kawo ta gida ƙafafu sun hana ta tafiya. A zo da ƙaho gobe bayan asuba. Ɗan aiken ya ƙara da wata magana da ya ce dagaci bai ce a faɗa ba, amma dagacin ya faɗe ta a gabansa da ƙarfi: in Goggo ta taka, Juma'a ta sama za a yi abin da ya kamata a yi tun bara.

Satin Mukarrama tana aikin dare, ba ta gida. Safarta ta canji tana shanye a igiya. Maiwada ya daɗe a tsakar gida yana kallonta. Dabara ta zo masa daidai-wa-daida: zai ce kowa ya fita, ya kafa ƙaho ɗaya don a ji ƙara, sannan ya zura wa tsohuwa safar, ya ce kada a cire kada a duba sai bayan kwana bakwai. Ya sauke safar, ya naɗe, ya cusa ƙarƙashin ƙahonni a zabira.

Da gari ya fara haske ya isa. Zauren dagaci cike yake. Ga liman, ga dattawa huɗu, ga Yahya a gefe yana duba waya kamar wucewa ya zo yi. Bobbo ya riga kowa zuwa, ya zauna kusa da ƙofar ciki inda kunne zai fi kamawa. Aka gaisa, aka tambayi iyali da ruwan sama da masara, aka sake tambayar iyali. Sannan aka shigar da shi.

Goggo Halimatusa'adiya tana zaune kan katifa, an tara mata matasai uku a baya. Numfashinta kamar zugazugin maƙera.

"Kai ne ɗan wanzamin?" ta ce. "Ubanka ya taɓa yi mini ƙaho. Bai yi amfani ba, amma yana da hira."

"Allah ya ji ƙansa. Ina kwana, Goggo? Yaya ƙarfin jiki?"

"Ga shi kana gani. Yi abin da za ka yi, ni na gaji da masu zuwa dubiya."

Ya ce matan da ke ɗakin su fita, suka fita. Ta janye zane zuwa gwiwa. Ƙafafun suna sheƙi kamar an shafa musu man gyaɗa.

"Goggo, ɗan kwanta in ɗaga su."

"Kwanciya? Wata biyu rabona da ita. In na kwanta sai in ji kamar an tura ni rijiya."

Maiwada ya sa babban yatsa a ƙwaurinta ya danna. Ya ɗaga. Rami ya zauna, sak sawun akuya a laka. Ya jira ya cike. Zakara ya yi cara a bayan ɗaki, wani ya amsa masa daga nesa, ramin yana nan. Ya danna ɗaya ƙafar, ita ma haka. Yanzu ramuka biyu ne suna kallonsa.

Ya buɗe zabira ya fito da ƙaramin ƙaho da aska. Tsaga biyu ce kawai. Fat ɗaya, Bobbo ya ji, zaure ya ji. Zuwa Juma'a kwana takwas ne, wataƙila ba abin da zai faru cikin kwana takwas. Ya gwada bakin askar a farcensa. Tana da kaifi, jiya ya wasa ta.

"Kana addu'a ne ko barci?" in ji Goggo.

"Ina dubawa ne."

Ya mayar da askar kube. Ya mayar da ƙahon. Ya rufe mata ƙafafu da zanen, ya fita.

"Ba mu ji ƙara ba," Bobbo ya ce tun kafin ya zauna.

Maiwada ya durƙusa gaban dagaci. "Ranka ya daɗe, a nemo mota. Wannan ciwon ba na ƙaho ba ne. A kai ta asibiti yanzu."

Dagaci ya gyara zama. "Wanzam, ƙafa ai ƙafa ce. Ta iyalinka kowa ya ga yadda take, kowa ya ga yadda ta koma. Koma ka gwada."

"Ba iri ɗaya ba ne, ranka ya daɗe."

"In hannunsa ne ya yi sanyi," in ji Yahya, ya sa wayar a aljihu, "ni ma na gaji ƙaho. Asuba ba ta wuce ba tukuna. A ba ni izini."

Dagaci ya dubi Yahya, ya dubi ƙofar ciki. Maiwada ya ga alamar zai ɗaga kai ya amince. Ya ga kuma cewa muddin mutanen nan sun yarda ƙaho ya taɓa warkar da kumburi a Saulawa, yau sai an tsaga tsohuwar nan, ko da hannunsa ko da na wani.

Ya jawo zabira, ya kwashe ƙahonni ya jera a tabarma, ya zaro safar.

"Ranka ya daɗe, ga abin da ya warkar da iyalina. Shekara goma sha tara rabon da ƙahona ya taɓa ƙafarta."

Ya naɗe hannun riga, ya zura safar a hannunsa har gwiwar hannu, ya ja bakin ya saki.

Fat!

"Ita ce," in ji Bobbo a hankali. "Wallahi ita ce."

Safar ta zaga zaure. Liman ya gwada zura dunƙulen hannu ya kasa. Wani dattijo ya ja ta da hannu biyu har jijiyar wuyansa ta tashi. Wani ya sansana. Da ta iso wurin dagaci bai karɓa ba, aka ajiye ta a gabansa kan buzu.

"To a sa wa Goggo wannan ɗin," wani ya ce.

"Ita ma ba a sa mata sai likita ya gani," in ji Maiwada. "Kuma ba awonta ba ne."

"Har awo gare ta?"

"Har awo."

Dagaci ya daɗe yana kallon safar. Shi da bakinsa ya gaya wa baƙi daga Kudan cewa garinsa yana da wanzamin da babu irinsa. Daga ƙarshe ya ce a kira mai mota.

Sun isa Ikara daidai Mukarrama ta miƙa aiki tana shirin fita. Ta leƙa motar, ta dubi Goggo, ta dubi mijinta, ta ajiye jakarta ta koma ciki da gudu neman keken marasa lafiya. Bayan awa goma sha biyu a tsaye, gudu take yi. Maiwada ya lura da wannan, bai gaya wa kowa ba. Kafin azahar an wuce da Goggo Zariya. Zuciya ce, aka ce, ta gaji da turo ruwa. Ta yi kwana goma sha shida, ta dawo da ƙafafu sirara da ledar magani, tana zagin duk wanda ya hana a sa mata gishiri a miya.

Dagaci ya aiko wa Maiwada da godiya da zabi biyu. Maganar sarauta kuwa dattawa suka zauna a kanta. Suka ce mutumin kirki ne, ba wanda ya musa. Amma wanzamin da ya tsaya gaban jama'a ya ce safa ta fi ƙaho, ba shi ne zai riƙe askar gari ba. Wani ya ce kuma ya bar su wata biyu suna yaɗa abin da babu. Wannan ta fi yi musu ciwo. Aka ba Yahya.

Masu sallamar asuba suka ɗauke ƙafa. Wasu daga cikin matan suka koma zuwa da yamma, wurin Mukarrama. Takan duba su tukuna, ta tura wasu asibiti, sauran ta auna su da tef ta rubuta a takarda. Malamar firamaren ce ta fara samun tata, ta zo ta ce ba wanda ya gaya mata sai da miji ake sa ta. Maiwada ya nuna wa mijin yadda ake juya cikinta. Ta gidansa kuwa yana nan yana sawa kullum, dama sannan hagu, yana sakin bakin a hankali.

Ranar naɗin, bayan la'asar, ana jiyo kalangu daga ƙofar gidan dagaci. Bobbo ya zo a gyara masa kai kafin ya tafi, don rumfar Yahya a rufe take. Ya zauna kan buzu, an aske rabi, saura rabi. Mukarrama ta yi sallama ta shigo zauren daga aiki, takalmi a ƙafa, ta rusuna ta gaida Bobbo, ta tsaya gyara jakarta a kafaɗa.

"Ni akwai abin da ya tsaya mini," in ji Bobbo. "Kai kaɗai ne a ɗakin. Da ka yi mata 'yar tsaga ɗaya a inda ba kumburi, ƙaho ya yi ƙara, sannan ka fito ka ce a ƙarasa a asibiti, wa zai sani?"

Maiwada ya goge askar a tafin hannunsa, ya karkata kan Bobbo wajen haske. Mukarrama ta dubi mijinta, sai ta ɗaga labule ta shige. Kalangun ya canza kiɗa, aka ji guɗa.

"Wanzam, da kai nake," in ji Bobbo. "Wa zai sani?"